Bishop Ajayi Crowther: ya iso ƙasar Hausa kuwa, kuma me ya rusa aikinsa a Kogin Kwara?

'Yar Wusasa

Barkanmu da war haka, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman a warware mini wani ƙulli game da Bishop Samuel Ajayi Crowther. Magana biyu ke yawo a kansa, kuma ba su jitu ba. Wasu na cewa shi ya fara kawo mishan Arewa, har ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wasu kuma na cewa ko ƙofar Zariya bai taɓa gani ba, aikinsa duk na Yarbawa ne da mutanen bakin teku. Wanne za a kama?

Na biyu, ana cewa ya mutu da takaici domin samarin Turawa sun ci masa fuska da tsufansa, sun sallami ma'aikatansa yana zaune. To in dai a ɗarikar Angilika bishop ne gaba da kowa a yankinsa, ta yaya ƙaramin firist zai yi masa haka? Ko dai bishop ɗin na riga ne kawai? Don Allah wanda ya sani ya yi bayani da shekaru da sunaye, ba yabo kawai ba.

Baba Katikis

'Yata, tambayarki ta biyu ita ce gindin maganar, amma sai an bi tsanin da ya taka kafin a ga inda katakon ya tsage.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Oyo, iyayensa suka raɗa masa Ajayi. A 1821, daular Oyo na cikin wargajewa, mahara suka faɗa wa garin. Shi da kansa ya rubuta cewa Fulani ne da Musulmin Oyo. Ya bi hannu da yawa. An taɓa musanya shi da doki, aka dawo da shi don dokin bai yi wa mai shi ba, daga baya aka ba da shi a bakin taba da giya. A Ikko aka loda shi a jirgin 'yan Fotugal, sai a Afrilu 1822 jiragen yaƙin Ingila masu farautar jiragen bayi suka tare su tun ba su yi nisa ba. Ya ba da labarin cewa da aka hau da su jirgin Ingila suka ga nama a rataye da tarin harsasan igwa, sai yaran suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka duba suka ga kofaton alade hankalinsu ya kwanta.

Aka sauke su a Saliyo. Ya koyi karatu da kafinta, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan wani firist na Landan, Samuel Crowther, ɗan kwamitin CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Angilika a Ingila. A 1827 yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay, ana ma lissafa shi na ɗaya a rajista. Daga nan shekaru ya yi yana malamin makaranta. Abin da ya fito da shi fili shi ne tafiyar Kogin Kwara ta 1841, wadda gwamnatin Ingila ta tura da jirage 3. Cikin Turawa kimanin 150, fiye da 40 zazzaɓi ya kashe cikin 'yan watanni. Abokin tafiyarsa, J. F. Schön, ya shaida wa CMS cewa ƙasar nan ba Bature ne zai iya aikinta ba, kuma ga wanda ya cancanta. Aka kira shi Landan.

A nan ki riƙe matakan, don su ne amsarki. Katikis ba keɓaɓɓe ba ne: yana koyarwa, yana jagorantar addu'a, amma ba ya ba da Jibin Ubangiji. Dikon shi ne matakin farko na keɓewa, yana wa'azi da baftisma. Firist ne ke tsayawa a bagade ya ba da Jibi. Bishop kaɗai ke tabbatar da masu bi, shi kaɗai ke ɗora hannu ya keɓe dikon ko firist, kuma shi ke ba su lasisin aiki ko ya janye. Bisa al'ada ana shekara guda tsakanin dikon da firist. Shi kuwa Bishop Blomfield na Landan ya keɓe shi dikon a Yuni 1843, firist a Oktoban shekarar, don ana gaggawar ya koma.

Ya shiga Abeokuta a 1846 tare da Henry Townsend, Bature ɗan mishan na CMS, a can ya haɗu da mahaifiyarsa bayan shekara 25, aka yi mata baftisma a 1848. A 1851 ya gana da Sarauniya Victoria a fadar Windsor.

Mai tura shi sama shi ne Henry Venn, babban sakataren CMS. Ra'ayin Venn shi ne ikilisiya ta tsaya kan duwatsun murhu uku: ta mallaki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta, shi kuma ɗan mishan ya tattara ya yi gaba. Townsend ya yi tsaye a kan cewa Bature ba zai zauna ƙarƙashin baƙar fata ba, ya yi shekaru yana rubuta wasiƙun adawa. Crowther da kansa ya yi ta noƙewa. Duk da haka ranar 29 ga Yuni 1864 Akbishop Longley ya keɓe shi bishop a babban cocin Kantabari, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Henry Leeke, kyaftin ɗin da ya tare jirgin bayin shekara 42 baya, yana cikin taron.

To ga tsagar. Takardar naɗin ta ce shi bishop ne na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya. Ikko tana ƙarƙashin Sarauniya tun 1861, don haka ba tasa ba ce, alhali a nan gidansa yake. Abeokuta da Ibadan suna wajen mulkin, amma don a lallashi Townsend aka bar Turawan da ke can ƙarƙashin Bishop na Saliyo. Wato Bayarabe ne, shi ya fi kowa sanin Yarbanci a rubuce, amma aka hana shi ƙasar Yarbawa aka ba shi kogi, inda shi ma baƙo ne da tafinta. Sannan albashin ma'aikatansa daga asusun CMS yake fitowa. Lasisi nasa, kuɗi na wasu. Muddin Venn na kan kujera ba a ji ciwon ba. Venn ya rasu a Janairu 1873.

Mai Ƙamus

Baba ya share fage. Bari in ɗauki ɓangaren rubutu, don a nan ne ake yawan cakuɗa shi da wasu.

A'a, 'yar'uwa, Crowther bai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba. Bayan tafiyar 1841 kusan raba aikin suka yi: shi ya riƙe Yarbanci, Schön ya riƙe Hausa. Schön Bajamushe ne mai aiki da CMS. Ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, kuma ya fassara Linjilar Matiyu tun 1857. Abin mamakin shi ne bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. A Ingila ya zauna da yara biyu da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da su a 1855, Dorugu da Abbega, kuma daga bakin Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, ya kwashi yawancin Hausarsa. Shi ya sa rubutun nasa ba ya bambanta k da ƙ, ko d da ɗ yadda ya kamata: kunnensa bai kama su ba. Abbega ya dawo tare da tawagar Crowther a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Ina jin wannan kusancin ne ya sa ake jingina wa Crowther aikin Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito, shekara 41 bayan rasuwarsa, kuma Dokta Walter Miller na Zariya ne jigonsa.

Nasa aikin ga shi. Littafin kalmomin Yarbanci a 1843, wanda ya faɗaɗa ya haɗa da nahawu a 1852. Littafin addu'o'in ɗarikar cikin Yarbanci. Wasiƙar Romawa a 1850, sannan Luka da Ayyukan Manzanni da sauransu a jere, har aka kammala dukan Littafin a 1884. Ba shi kaɗai ya yi ba, akwai kwamiti da wasu masu fassara, amma shi ya aza ma'aunin. Ya yi littafin koyon karatu na Igbo a 1857, na Nufanci a 1860, nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. Ga kuma littattafan tafiye-tafiyensa na 1841 da 1854 da 1857, waɗanda masu tarihin Nupe da Binuwai ke dogara da su har yau, don yana rubuta farashin kaya da sunayen masu gari da yadda aka karɓe su.

Inda gwanintarsa take shi ne sauti. Yarbanci na da karin sauti hawa uku, sama da tsakiya da ƙasa, kuma kalma ɗaya a ido na iya zama huɗu a kunne. A rubuta oko da ɗigo ƙarƙashin kowane o: gwargwadon karin da aka ba ta, tana iya zama miji, ko fartanya, ko jirgi, ko mashi. Turawan mishan da yawa sun so a bar alamomin don sauƙin ɗab'i. Crowther ya dage a sa alamar karin sauti a kan wasula, ga kuma ɗigo a ƙarƙashin e da o da s don rarrabe waɗanda ake furtawa daban. Wannan tsarin, bayan taron daidaita rubutu da aka yi a Ikko a 1875, shi ne ƙashin bayan rubutun Yarbanci na yau. Mu a boko ba mu yi haka ba. Muna rubuta gari mu bar mai karatu ya zaɓa tsakanin na tuwo da na zama, mu rubuta fari ya laluba ko launi ne ko ƙwaro ko rashin ruwa. Jimla ke ceton mu. A Yarbanci, inda kalmomi gajeru suka yi yawa, jimla ba ta isa kullum.

Wani abin da Bahaushe zai ji daɗin lura da shi: da ya nemi kalmomin addini bai tsallake waɗanda Musulmin Yarbawa suka riga suka shigar ba. Firist ya zama alufa, kalmar da ake kiran malamin Musulunci da ita. Addu'a adura ce, wa'azi iwasu, annabi woli, daga waliyyi. Ya kan zauna da dattawa da masu bautar gargajiya yana tsintar karin magana da tsofaffin kalmomi kafin su ɓace. Inda ake sukarsa har gobe shi ne amfani da Esu a matsayin Shaiɗan, don a addinin gargajiya na Yarbawa Esu ɗan aike ne mai wayo, ba maƙiyin Allah ba. Masu wannan addini na ganin fassarar ta shafa masa baƙin fenti, kuma suna da hujja.

A Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta tafi da rubuce-rubucen shekara 11: kalmomi, karin magana, fassarar da bai kai ga bugawa ba. Babu kwafi na biyu. Ya sake farawa.

'Yar Wusasa

Na gode, Baba, na gode Malam. Maganar Hausa ta fita. Amma har yanzu ban ga yadda "lasisi nasa, kuɗi na wasu" ya zama kora ba. Kuma shin ma'aikatan nasa ba su da laifi ko kaɗan? Kada mu ɗora komai kan Bature don ya fi sauƙi.

Ɗan Lakwaja

Suna da shi, 'yar'uwa, kuma ba ƙarami ba. Amma a fara da kogin, don wanda bai san kogin ba ba zai gane rigimar ba.

Tafiyar 1854 da jirgin Pleiad, ƙarƙashin Dokta William Baikie, ita ta buɗe ƙofa. An riƙa shan kwinin kullum tun kafin zazzaɓi ya kama, aka shiga Binuwai da nisa, aka dawo ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 Crowther ya koma da jirgin Dayspring, ya ajiye Rabaran J. C. Taylor a Anacha, ya buɗe tasha a Gbebe kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, ya wuce sama. A Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, suka yi kusan shekara a ƙasar Nufawa suna jiran wani. Can ya samu Nufancinsa. A Gbebe aka yi baftismar farko a 1862, kuma da yaƙi ya ci garin bayan 'yan shekaru sai aka ƙaura Lakwaja. A ƙasa kuma ya buɗe Bonny a 1864 bisa gayyatar sarkinta, sannan Brass.

Yanzu ki auna. Tashoshi a warwatse ɗaruruwan kilomita, daga bakin teku har ƙasar Nupe. Jirgi mai hayaƙi ba ya hawa sai ruwa ya cika, wajen Yuli zuwa Oktoba. Bishop yana Ikko, ba shi da jirgin kansa, sai ya roƙi gurbi a jirgin 'yan kasuwa, kuma jirgin ɗan kasuwa yana tsayawa ne gwargwadon lodin manja da hauren giwa, ba gwargwadon buƙatar bishop ba. Tasha na iya ganinsa kwana biyu a shekara. Sauran wata 11 malami yana shi kaɗai, ba mai duba shi. Hanyar ma ba lafiya: a 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi kusa da Idah yana neman kuɗin fansa, kuma a wajen kuɓutar da shi aka harbi jami'in Ingila William Fell da kibiya mai dafi ya mutu.

Sai albashi. A kogin ba a ciniki da sulalla, sai wuri da tufafi da gishiri. Don haka ana biyan malami da kaya, shi kuma ya kai kasuwa ya musanya da doya. Daga musanyar abinci zuwa saro da sayarwa taki ɗaya ne, kuma da yawa sun taka. Yawancinsu 'yan Saliyo ne, 'ya'yan bayin da aka 'yanta, masu sana'ar hannu da ƙaramin karatu, don masu ilimi mai zurfi ba sa son barin Firitawun, babban birnin Saliyo, su zo daji da ƙaramin albashi. Akwai nagartattu ƙwarai a cikinsu, akwai mashaya da masu neman mata. Mafi muni, a 1877 a Anacha wasu ma'aikatan mishan suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, kuma sai a 1882 aka yi musu shari'a a Saliyo, maganar ta kai har majalisar Ingila. Shi kuma Crowther uba ne mai sanyin hannu. In an kawo ƙara sai ya nemi shaida ƙwaƙƙwara, ya yi nasiha, ya sauya wa mutum tasha. Ga shi in ya kori ɗaya ba shi da wanda zai maye gurbin. Wannan rauni ne na gaske, kuma masu ƙaunarsa ma sun yarda.

Maganin da CMS ta kawo shi ya zama cutar. Wajen 1878 aka ba mishan ɗin jirgi, aka sa masa sunan Henry Venn, amma aka damƙa shi da littafin kuɗi a hannun wani Bature wanda ba firist ba ne, J. H. Ashcroft. A 1879 aka kafa kwamitin kuɗi a Ikko. A 1880 Rabaran J. B. Wood ya zaga tashoshin ya rubuta rahoto cike da zarge-zarge, yawancinsu ji-ta-ji-ta, kuma ba a ba waɗanda ake zargi damar gani su kare kansu ba. Daga nan kowane sabon sakatare Bature ne, kuma sakatare ne ke rubuta wa Landan. A lokacin nan kuma ɗan kasuwar Ingila George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila na kogin a 1879, ya samu takardar sarauta ta Royal Niger Company a 1886, ya ture 'yan kasuwa baƙar fata, ciki har da 'ya'yan Crowther da ke harkar. 'Yan Saliyo masu karatu sun zama ƙaya a ƙafar kamfani, kuma yawancinsu 'yan cocin Crowther ne.

Sai samarin suka iso. J. A. Robinson ya zama sakatare a 1887. Graham Wilmot Brooke, wanda bai kai shekara 30 ba kuma ba keɓaɓɓe ba ne, ya zo da burin shiga ƙasar Hausa. A 1890 suka sauka Lakwaja, suka sa riga da rawani, suka duƙufa koyon Hausa. Masu tsananin ra'ayin tsarki ne, kuma da suka dubi cocin Lakwaja suka ce duk ruɓaɓɓe ne, suka hana yawancin mutane Jibi. Makarantar horar da malamai da Crowther ya sha wahalar ginawa a Lakwaja, aka sayar wa kamfanin Goldie.

A Agusta 1890 aka zauna taron kwamitin kuɗi a Anacha, bishop na kan kujerar shugaba, yana da shekara 80 da ɗoriya. Aka riƙa karanta tuhuma kan firistocinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce wannan hurumin bishop ne, sai sakatare F. N. Eden ya nuna cewa shi ke da ikon CMS na dakatar da duk mai cin albashinta, har ya dakatar da Akdikon (babban firist mai taimaka wa bishop) Dandeson Crowther, ɗan bishop ɗin, a gaban ubansa. Ga amsar tambayarki: ba su iya tuɓe wa kowa rigar firist ba, don wannan na bishop ne. Amma sun iya tsayar da albashi, su karɓe gidan mishan, su hana gurbi a jirgi. Firist mai lasisi da ba shi da abinci ko ɗaki a Anacha, me ya rage masa? Crowther ya ajiye shugabancin kwamitin. Cikin ɗan lokaci aka sallami mafi yawan manyan ma'aikatansa baƙar fata. A tsakiyar 1891 shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891.

Samarin ma ba su kai ko'ina ba. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke a farkon 1892, ba wanda ya ga Kano a cikinsu.

Ndagi Bida

Ranka ya daɗe Ɗan Lakwaja, bayaninka ya yi, sai dai akwai gefen da ba a taɓo ba: yadda sarakunan Musulmi suka ɗauke shi. Kuma a nan zan ɗan saɓa wa masu cewa shi ya kawo mishan Arewa. Ya kawo shi bakin Arewa. Iyakarsa Nupe da Ilori da gaɓar Binuwai. Bai je Zariya ba, balle Kano ko Sakkwato.

Lakwaja a lokacin tana ƙarƙashin inuwar Etsu Masaba, sarkin Nupe da ke Bida, da izininsa Baikie ya zauna a can. Crowther ya gane wannan sarai, shi ya sa ba ya kafa ko rumfa sai ya hau Bida da gaisuwa. Ya kai wa Masaba Littafi Mai Tsarki na Larabci. Shi Masaba abin da yake so jiragen ciniki ne da bindiga da albarushi, kuma bayan Ingila ta rufe ofishin jakadancinta na Lakwaja a 1869, bishop ɗin ya zama kamar ɗan aike tsakanin Bida da Turawa. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke nema. Magajinsa Umaru Majigi ya ba shi wuri a tudun Kipo, kusa da Eggan. Etsu Maliki kuma ya aika masa da wasiƙa yana roƙon ya isar wa Sarauniya a hana shigo da barasa ƙasar Nupe don ta lalata mutane, kuma kalmar barasa ɗin haka aka bar ta a fassarar Turancin da aka yi ta yaɗawa a Ingila. Sarki Musulmi bai ga wanda zai amince wa da wannan saƙo ba sai bishop.

A 1872, yana komawa Ikko ta ƙasa, ya tsaya Ilori, Sarki ya tara malamai aka yi masa tambayoyi a fada kan Annabi Isa. Bai yi musu ba, bai taɓa Alƙur'ani da suka ba. Kowace tambaya sai ya buɗe littafinsa na Yarbanci ya karanta aya, ya fara da zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryamu, inda ya san ba za a yi gardama ba. Da aka nemi jin addu'arsu, ya karanta wadda ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a ƙasar wani sarki sunan sarkin ake sawa. Fada ta watse lafiya.

Amma a faɗi gaskiya: wa'azi ya zo yi, kuma a cikin Musulmin Nupe kusan bai samu kowa ba. Cocin Lakwaja baƙi ne da bayin da aka fansa da mutanen ƙabilun kewaye. A wannan Brooke bai yi ƙarya ba. Inda ya ɓata shi ne zaton rawani da Hausar watanni shida za su yi abin da haƙurin shekara 30 bai yi ba. Kuma zumuncin da Crowther ya gina da Bida bai hana komai ba: a farkon 1897 sojojin Goldie suka ci Bida da Ilori da igwa, ta kogin nan da jiragen mishan da na ciniki suka saba bi.

Baba Katikis

Malam Ndagi ya faɗi daidai, ban da abin cirewa. Ƙari kaɗan, 'yata, don zaren ya iso garinku.

Don tunawa da J. A. Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ita ta turo ƙanensa, Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya koyar da Hausa a Cambridge, ya fara fitar da ƙamusunsa a 1899. Kujerar Crowther kuwa ba a ba baƙar fata ba. Aka naɗa J. S. Hill, ya mutu a farkon 1894, sai Herbert Tugwell. Isaac Oluwole da Charles Phillips a 1893, da James Johnson a 1900, duk mataimakan bishop aka yi su, kuma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis (yankin bishop) tasa a Nijeriya. Tugwell ne ya jagoranci tawagar da ta shiga Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice, suka koma Girku. Miller na cikinsu. Shi ya zauna birnin Zariya daga 1905, kafin a ƙaura Wusasa wajen 1929.

Dandeson bai bar ɗarikar ba. A 1892 ya ja cocin Bonny da maƙwabtanta suka tsaya da ƙafarsu, suna biyan firistocinsu da kuɗin manjansu ba tare da CMS ba, wato abin da Venn ya tsara tun farko, sai dai ta hanyar fushi ya zo. Jikan bishop ɗin ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay na jikin tsohuwar naira ɗaya, wanda ciwon ajali ya kama a Kano a 1946 yana rangadin siyasa.

A 2014, cika shekara 150 da naɗin, Akbishop Justin Welby ya tsaya a cocin Kantabari ɗin nan ya amsa cewa an zalunci Crowther, ya nemi gafara a madadin ikilisiyar Ingila. Kabarin Crowther na farko yana maƙabartar Ajele a Ikko. A 1971 gwamnatin jihar ta buƙaci filin don gina ofisoshi, sai a 1976 aka mai da shi harabar babban cocin Christ Church da ke Marina, inda yake yanzu.